Murjanin da Na Taka

Nura ne ya ja ni da magana. Ranar Juma'a muna cin shinkafa a gidan abincin nan na unguwar Batha a nan Riyad bayan an sauko daga masallaci, sai na ji yana gaya wa abokansa wai ni Baba Sale na fi kowa more ƙasar nan, tunda aikina zama a cikin sanyi ina kallon kifi yana yawo a gilashi. Har da cewa in na tashi komawa gida in bar masa gadon kujerar. To Nura, kai da ke kai matar jakada kanti ka kwanta a mota kana jiranta, matso kusa. Ku ma ku matso. Tunda kun ɗauka ruwa ne kawai da kifi, yau sai kun ji abin da ke cikin gilashin nan.

Ni Basarke ne, ɗan masunta daga Yawuri, a bakin Kwara aka yanke cibiyata, na iya tuƙa kwalekwale tun ban iya ɗaure wando ba. Amma ba ruwa ya kawo ni Riyad ba, ina ruwa a Riyad? Direban kaya na zo, a wani sito da ke Sulay. Cikin kayan da nake rabawa akwai buhunan gishiri, ba na miya ba, wani na musamman da ake haɗa ruwan teku da shi, nakan kai su ɗakin bincike na wata jami'a. Mai kula da ɗakin wani tsoho ne Basudane, Ammu Tahir, siriri, ga faɗa. Wata rana na dire buhu na tsaya ina leƙen wani tanki, na ce masa da gurgun Larabcina kifin nan mai rawaya ba shi da lafiya, yana goga jikinsa da dutse. Ya zo ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya dube ni.

"A ina ka san kifi?"

Na ce gidanmu ba mu san komai ba sai shi. Bayan wata huɗu aka mayar da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, hannun kamfanin da ke ba jami'ar ma'aikata, na zama yaron Ammu Tahir ina da furfura a gemu.

Kifi ado ne kawai a ɗakin nan, ainihin abin da ake kiwo murjani ne. Ni kuwa murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuya, irin wanda kakata ke ɓoyewa a adudu. Ashe abu ne mai rai! Kowane reshe da ka gani dubban ƙananan halittu ne manne da juna, kowacce da ɗan bakinta, suna gina wa kansu gida na dutse. A cikin jikinsu kuma akwai wani ƙanƙanin tsiro da ido ba ya gani, shi ke ba su launi, shi ke haɗa musu abinci da hasken rana. In suka ji daɗi suna zaune tare lafiya. In ruwa ya ɓaci sai mai gida ya kori baƙonsa, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa. Wannan na koya a makon farko, amma sai da na yi shekaru kafin in san nauyinsa.

Aikin farko da Ammu Tahir ya ba ni shi ne haɗa ruwa. Sai ka tace ruwan famfo har ya zama babu komai a cikinsa, ka auna gishiri a sikeli, ka zuba, ka bar famfo yana juya shi yini da kwana. Sannan ka ɗiga ɗigo biyu a kan ma'aunin gishiri, wani ɗan ƙarfe mai kama da tocila, ka leƙa ta gindinsa ka ga inda layi ya tsaya. Kun san bushewar garin nan, kowace safiya sai ka tarar tanki ya ja baya da yatsa biyu. Ni kuma mai ƙwazo, sai in ɗebo ruwan gishirin da na haɗa in cika shi maƙil. Kwana huɗu ina wannan aika-aika. A na biyar Ammu Tahir ya leƙa ma'auni, ya goge shi, ya sake leƙawa, ya kira ni.

"Ya Salih, miya in ta tsotse a kan wuta, me matarka take ƙarawa? Ruwa ko gishiri?"

"Ruwa, Ammu."

"To kai me ya sa kake ƙara gishiri?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zabura zan kwarara ruwan daɗi in gyara, ya riƙe hannuna ya ce in na yi haka yau za su mutu duka, don sauyin gaggawa ya fi gishirin illa. Kofi-kofi muka riƙa ƙarawa har kwana shida. Ya ce da ni a sana'ar nan babu abin da ake yi da sauri sai ɓarna, kuma har yau ban ga inda maganarsa ta faɗi ba.

Kayan aikinmu in kun gan su dariya za ku yi. Buroshin haƙori na goge gansakuka, sirinji na ba murjani abinci a baki, ma'aunin zafi, filaya ta yanka reshe, da danƙon da ke kamawa a cikin ruwa. Manyan kuwa su ne fitilu masu shuɗin haske, famfunan da ke kaɗa ruwa kamar igiyar teku, da injin sanyaya ruwa da ke kan rufi, wanda in ya yi tari a watan zafi ni ma sai na yi. Amma babban kayan aiki hannunka ne, kuma dole ya zama babu sabulu, babu mai, babu turare. Ni da ba na fita sai na shafa turare, sana'ar nan ta raba ni da shi. Ko yau da na gaisa da ku, dukanku kun sha turaren Juma'a, ba zan sa hannun nan a tanki ba sai na wanke shi har gwiwar hannu sau uku.

Sau ɗaya a shekara ake kwasar ɗalibai a kai su wani tsibiri a Bahar Maliya, daga Jizan ake shiga jirgin ruwa, su yi kwana goma suna koyon abin a inda Allah ya ajiye shi. Malamin da ke jagorantar tafiyar Dakta Hamid ne, gajere, mai sanƙo, a ofis ba ya dariya, amma da ya ga teku sai ya koma yaro. Ni ke haɗa kaya: tabaran nutso, bututun numfashi, takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, tef ɗin awo, firam mai kusurwa huɗu, da allunan roba da ake rubutu a kansu da fensir a ƙarƙashin ruwa. Ɗaliban nan 'ya'yan Riyad ne, wani bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba. Za a shimfiɗa tef a kan gonar murjani, su bi shi suna iyo, su aza firam su ƙirga me ke ciki, wanne mai rai, wanne matacce, wane kifi ya wuce. Na ga wanda ya hango kunkurun teku ya yi kabbara da bututu a bakinsa. Na ga wanda ya fito da gudu wai maciji ya biyo shi, ashe igiyar allonsa ce. Da yamma in wanke kayan da ruwan daɗi, in dafa musu shayi, su zauna suna gardamar sunayen kifaye har a kira magariba.

Ranar da na fara shiga da kaina, da girman kai na shiga. Ni da na yi nutso a Kwara inda ba ka ganin tafin hannunka, wa zai koya mini ruwa? Na sa tabarau na kifa fuska. La ilaha illallahu! Jama'a, shekara arba'in da wani abu ina cikin ruwa, ashe ban taɓa ganin cikinsa ba. Komai tar, har ƙasa. Ga murjani mai rassa, ga mai kama da ƙwaƙwalwa, ga mai laushi yana rangaji, ga kifaye shuɗi da kore da ruwan lemo suna shiga suna fita, ba wanda ya damu da ni. Wani ƙaton kifi mai baki irin na aku yana gatsar dutse, har ƙarar haƙoransa nake ji. Daɗi ya kama ni, irin daɗin da ban ji ba tun ina yaro.

Dakta ya yafuto ni da hannu ya nuna mini abin alfaharinsa. Wani murjani ne shimfiɗaɗɗe, faɗinsa ya kai tabarma biyu, launin zuma, bakin rassansa shuɗi, ƙananan kifaye sun yi masa rumfa. An ɗaura masa lamba goma sha bakwai, amma ni da na gan shi na ce wannan ai faifai ne, sunan kuwa ya bi shi. Tun Dakta yana ɗalibi yake auna shi duk shekara. Ina cikin kallo ruwa ya shiga tabarauna, gishiri ya cika mini ido. To ɗan kogi in abu ya dame shi a ruwa mara zurfi, me yake yi? Ƙafa yake saukewa ya tsaya. Ban yi shawara da kaina ba, ƙafar ce ta yi abin da ta saba tun Yawuri. Sai na ji ƙaras! Na duba ƙasa, ga reshen Faifai mai tsawon tafin hannu yana gangarawa kan yashi.

Muka koma cikin kwalekwalen inji. Dakta ya fito da reshen a cikin bokiti ya ajiye a gabana.

"Salih, ka san shekara nawa wannan ya yi kafin ya kai haka?"

Ya turo bokitin kusa da ni ya ci gaba.

"In na bar shi a yashi zai mutu. Kai ka karya shi, kai za ka raine shi. In ya rayu na yafe maka. In ya mutu ba za ka sake shiga teku tare da ni ba."

Da a ce jiya ya faɗi haka da ban damu ba. Amma na riga na ga abin da na gani, kuma na san in aka hana ni komawa, an cuce ni cutar da ba ta da magani. Haka na rungumo reshen nan har Riyad.

Rainon reshen nan shi ya mayar da ni ma'aikaci. Ammu Tahir ya nuna mini yadda zan manna shi a kan ɗan faifan siminti, na sa shi a ƙasan tanki inda haske bai yi yawa ba, duk mako in ɗaga shi sama kaɗan. A sati na biyu gindinsa ya fara fari, na rasa sukuni. Ammu ya miƙo filaya ya ce in yanke wurin da ya mutu har in ɗan shiga mai ran. Na ce abin da na karya kuma in ƙara yanka shi? Ya ce likita ma haka yake yi. Daga baya wasu tsutsotsi masu launin jikinsa suka kama shi, ba ka ganinsu sai ka fesa ruwa da sirinji sun faɗo, ƙwansu kuwa da tsinken sakace nake kankarewa ɗaya-ɗaya. Wata uku bai ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Sai wata safiya na ga naman jikinsa ya malalo ya rufe danƙon, bakin rassan ya yi shuɗi. Na ruga ofishin Dakta ko sallama ban yi da kyau ba.

"Dakta, ya kama! Ka yafe?"

Ya zo ya duba ya ce, "Lissa." Wato tukuna. Wai rai a cikin gilashi rabin rai ne.

Da ya shekara, Ammu Tahir ya koya mini raba shi, ɗaya ya zama huɗu, huɗu suka zama tara. A shekarar Ammu ya yi ritaya ya koma Sudan, ya bar mini filayarsa da ɗakin gaba ɗaya. Ɗalibai suka raɗa wa tankin suna Ƙafar Salih, duk sabon da ya zo sai an kai shi an ba shi labarin, ni ina tsaye. Duk shekara in mun dawo daga tsibiri sai in tambayi Dakta ko ya yafe, shi kuma ya ce lissa, har abin ya zama mana kamar gaisuwa.

Sai muguwar shekara ta zo. Zafi ya yi zafi, iska ta ɗauke a kudu, teku ta kwanta makonni ba motsi. Da muka isa, na sa hannu a ruwa na ji shi ɗumi kamar na wankan jego. Tun daga kwalekwale muka hango ƙasan ya yi fari ƙal. Wani sabon ɗalibi ya miƙe yana ɗaukar hoto yana cewa masha Allah, bai taɓa ganin abu mai tsabta haka ba. Ban ga laifinsa ba, shekara uku baya ni ma haka zan ce. Amma ni na san abin da fari yake nufi a reshe ɗaya, ga shi yau ina ganinsa iyakar ganin ido. Faifai ma ya yi fari tun daga tsakiya har baki. Dakta ya ce yana da sauran rai, in ruwa ya huce da wuri zai iya farfaɗowa. Ɗaliban shekarar ba su yi gardamar kifi da yamma ba, ƙirga fari kawai suka yi suka koma gida.

Bayan wata huɗu muka koma mu biyu. Ruwa ya huce, amma ya makara. Gansakuka mai yauƙi ta rufe Faifai, kifayen da ke masa rumfa sun watse. Muka zagaya wurin kwana biyu muna neman irinsa mai rai, ba mu samu ko ɗaya ba. Dakta ya kwance lambar ya sa a aljihu. Mun fito muna zaune a kwalekwale, ya daɗe yana kallon ruwa, can sai na ga idonsa ya sauka a kan ƙafata.

"Salih, nawa suke yanzu?"

"Tara, Dakta."

Ya fara dariya, yana yi hawaye na zuba, ya ce, "Allah ya yi wa ƙafar nan albarka." Ni kaina ban san dariya zan yi ko kuka ba. Abin da ya rage na Faifai a duniya yana cikin tankina, a tsakiyar hamada.

Sai da muka jira shekara guda, ruwa ya daidaita, takardun izini suka fito, sannan muka ɗaura niyyar mayar da su gida. Muka bar biyu a tanki saboda halin rai, muka ɗauki bakwai. Kowanne a cikin ledarsa da ruwansa, ledojin kuma suna iyo a wani tankin tafiya na roba mai kauri, da ɗan injin sanyaya ruwa mai aiki da batirin mota. Ɗalibai suka bi jirgin sama, ni da Dakta muka ɗauki motar kaya ta sashen, da shinkafa da tukwane da duk tarkacen kwana goma. Muna idar da asuba muka kama hanyar kudu.

Mun wuce Aflaj, rana ta take, sai na ji injin sanyaya ruwan ya canza murya, ya yi ƙugi ya yi shiru. Na tsaya na duba waya, na duba fis, na bubbuga shi, ko gezau. Sanyin motar kuwa a gaba kawai yake, bayan ya zama tanda. Murjanin nan zafin ruwansa bai kamata ya wuce ashirin da bakwai a ma'auni ba. Muna tsaye ma'auni ya nuna ashirin da takwas, kafin mu gama shawara ya doshi da tara. Gaba babu gari sai Wadi Dawasir, tafiyar awa biyu, baya ma haka. Dakta ya dafe sanƙonsa yana ta salati. Abin da ya kashe uwar a teku shi ne zai kashe 'ya'yan a kan kwalta, kuma a hannuna.

Ina kallon kayan bayan motar sai idona ya faɗa kan buhunan shinkafa, irin na algarara. Sai na tuna babana. In zai kai kifi mai rai kasuwa da rani, a tulu yake zuba su, ya naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye inda iska ke bugawa, har la'asar ruwan na nan da sanyinsa. Na ce, "Dakta, sauko da tukunyar kabsa."

"Yunwa kake ji a wannan halin?"

"Sauko da ita dai, yalla!"

Tukunyar dalma ce ƙatuwa, wadda ake dafa wa mutum talatin kabsa, dafa-dukan Larabawa. Roba mai kauri ba ta barin sanyi ya ratsa, dalma kuwa nan da nan. Muka juye shinkafa a bokitai, na kakkaɓe buhu biyu na ɗauraye, muka mayar da ledojin da ruwansu cikin tukunya, na rufe, na naɗe ta da buhunan na ɗaure da igiyar tef, na jiƙa su sharkaf da ruwan shanmu. Dakta ya tsaya yana kallo, sai ya tafa hannu, ya gane. Ya san abin a littafi, ya ce busasshiyar iska in ta ɗauke ruwa tana tafiya da zafi, kuma babu iskar da ta kai ta nan bushewa. Na ce to ai sai ya shiga baya ya zauna da littafin nasa.

Da kun ga abin da na gani a madubi ranar! Na zuge tagogi duka, iska mai zafi tana dukanmu kamar daga bakin murhu, ga babban malamin jami'a zaune dirshan a ƙasan mota, ya rungume tukunya da ƙafafu, kofin shayi a hannu yana yayyafa wa buhu ruwa. Ni kuma ina tuƙi ina ba da oda.

"Dakta, jiƙa!"

"Na jiƙa!"

"Nawa?"

"Ashirin da tara... da takwas da rabi... Salih, yana sauka! Wallahi yana sauka!"

Kafin mu shiga Wadi Dawasir ya dawo ashirin da shida. Ruwan shanmu ya ƙare tas, maƙogwaronmu ya bushe, amma waƙa muke yi, shi da Larabci ni da Hausa. A shingen hanya wani ɗan sanda ya ɗaga murfin tukunya ya leƙa, ya dubi takardunmu, ya sake leƙawa, ya tambayi Dakta wai wannan da me ake cinsa. Muka sayi ruwa katan-katan muka ci gaba. Dakta ya gargaɗe ni cewa dabarar babana iyakarta nan kan tudu, in muka gangara bakin teku iska jiƙaƙƙiya ce, buhu ba zai bushe ba balle ya sanyaya. Don haka muka kwana a Abha inda gari ke da sanyi, da safe muka sayi ƙanƙara a gorunan roba, muka naɗe su da tawul muka jera a gefen ledojin, a haka muka gangara Jizan muka shiga jirgi. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya koɗe a hanya bai kai ba. Shida suka iso da launinsu.

Dasa su ni aka ba. A kan gawar uwarsu muka mayar da su, don dutsen na nan da ƙarfinsa. Na goge wuri shida da buroshin ƙarfe har farin dutse ya fito, na murza danƙo, na danna kowanne na riƙe shi ina ƙirga ɗari a zuci. Dakta kuwa, don tsiya, ya sa ɗalibai biyu ƙarti su bi ni a baya, aikinsu kawai su tsare ƙafafuna. Da muka fito na ce, "Dakta, yanzu fa?" Ya ce, "Lissa. Baƙi ne tukuna, bari mu ga ko gari zai karɓe su."

Shekarar nan ta yi mini tsawo. Kullum ina goge gilashi a Riyad, hankalina yana wancan dutsen. Ko zafi ya dawo? Ko kifi mai bakin aku ya gatse su? Ko danƙona ya saki? Da lokaci ya zagayo muka koma da sababbin ɗalibai, ban jira an gama ɗaure kwalekwale ba na faɗa ruwa. Na bi tef ɗin da na sani, na wuce matattun duwatsu. Sai ga su. Ɗaya ya ɓace, ko alamarsa babu. Biyar suna nan, kowanne ya kai faɗin faranti, launin zuma, baki shuɗi, biyu har sun miƙa rassa sun haɗe. A kansu kuma ga 'yan ƙananan kifaye sun dawo sun yi rumfa.

Na matsa na miƙa yatsa kusa da na tsakiya, ba don in taɓa ba, don dai in gaishe shi. Sai wata 'yar ƙaguwa da ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba ta fito daga tsakanin rassan ta dantse ni. Ni! Ni da na yi shekara huɗu ina kankare masa ƙwan tsutsa da tsinken sakace, yau ya samu mai gadi har ana korata. Dariya ta ƙwace mini, na manta da bututu a bakina, ruwa ya wuce mini har maƙoshi. Na shaƙe, ido ya rufe, tari ya turnuƙe ni, na ji ƙafar nan ta Yawuri ta fara sauka da kanta tana neman wurin tsayawa, ga su kuwa daidai ƙarƙashina. Na naɗe gwiwoyina na rungume su a ƙirji, na bar kaina ina juyawa a ruwa ina shan gishiri, na sha ya kai moɗa biyu, har igiyar ruwa ta tura ni kan yashi, sannan na miƙe.

Ina tsaye ina tari, hawaye da majina sun haɗe, sai ga sanƙon Dakta ya ɓullo kusa da ni. Ashe yana bayana, ya ga komai. Ya cire bututu daga bakinsa, ya dubi ƙafafuna, ya dube ni.

Ban ma tambaye shi ba. Ya ce, "Halas, ya Salih, magana ta ƙare. Na yafe."